Shiru a Ma'aunin Wahayi: Tarken Littafin "Tsani" na Yuhanna as-Sullami da Matsayinsa a Babban Azumin Kiristocin Gabas

Tsakure

Wannan maƙala ta yi tarken littafin "Tsani" na rahibin nan Yuhanna as-Sullami, wanda gidajen ruhubanawan ɗariƙar Otodoks ke karantawa duk shekara a Babban Azuminsu. An taƙaita nazarin a kan koyarwarsa game da shirun harshe da natsuwar zuciya, aka auna ta da Alƙur'ani da Sunna da maganganun malaman fiƙihu da na tarbiyya. Maƙalar ta ƙarasa a kan cewa marubucin ya ƙware wajen gano cutar surutu da tushenta, amma maganin da ya bayar ya saɓa wa Musulunci ta fuskoki uku: wanda ake ambato a cikin shirun, matsayin ruhubananci, da mizanin da ake gane ingancin halin da mai ibada ya shiga.

1.0 Gabatarwa

Alƙur'ani mai girma ya ambaci ruhubanawa da harshe biyu. A Suratul Ma'ida, aya ta 82, ya shaidi wasunsu da rashin girman kai. A Suratul Hadid, aya ta 27, ya bayyana cewa ruhubananci abu ne da suka ƙaga wa kansu, kuma ba su kiyaye shi yadda ya kamata ba. Ɗalibin tafsiri yakan wuce ta kan waɗannan ayoyi ba tare da ya taɓa buɗe littafi ɗaya da wani rahibi ya rubuta ba. Saboda haka yakan faɗa cikin ɗayan kuskure biyu. Ko dai ya ji labarin zikirinsu da kukansu ya ce ai duk tafiyar ɗaya ce, ko kuwa ya yi watsi da su baki ɗaya ba da hujjar da zai iya karewa ba. Dukansu biyu sun kauce wa umarnin Suratul Ankabut, aya ta 46, na yin jayayya da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau, domin ba a jayayya mai kyau da abin da ba a sani ba.

Littafin da ke gabanmu ya dace da wannan aiki. Marubucinsa ya rayu a Sina'i a ƙarni na bakwai na Miladiyya, kuma masana da yawa suna sanya rasuwarsa wajen shekarar 649, wato bayan da Amru ɗan Asi ya buɗe Masar. Ke nan muryar rahibi ce daga zamanin Sahabbai. Na dogara ne da tarjamarsa ta Larabci mai suna "as-Sullam ila Allah", wadda Kiristocin Larabawa ke karantawa. Ya kamata a kula kada a rikita laƙabinsa, wanda ya samo daga kalmar "sullam", wato tsani, da na Abu Abdurrahman as-Sulami, malamin Sufaye na Naisabur.

2.0 Marubucin, Littafin da Lokacin Karanta Shi

Bisa tarihin da wani rahibi mai suna Daniyel na Raitu ya rubuta, Yuhanna ya shiga ruhubananci yana ɗan shekara goma sha shida. Bayan rasuwar malaminsa ya kaɗaita shekara arba'in a wani wuri mai suna Tola, daga baya aka naɗa shi shugaban gidan ruhubanawan da Sarkin Rumawa Jastiniyan ya gina a gindin Dutsen Sina'i, wanda a yau ake kira Dairu Santa Katrin. Shugaban ruhubanawan Raitu ne ya roƙe shi ya rubuta musu jagora, shi ne ya rubuta wannan littafi da Girkanci. Ya kasa shi matakai talatin, adadin shekarun da Kirista ke cewa Annabi Isa (AS) ya yi kafin ya fara kira. Matakin farko shi ne barin duniya, na ƙarshe kuma imani da fata da ƙauna.

Babban Azumin Otodoks yana farawa ranar Litinin, ya ɗauki kwana arba'in, sannan a shiga makon da ke gaban bikin Ista. Ba irin azuminmu ba ne na kamewa daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana. Jigonsa ƙaurace wa nama da madara da ƙwai, da rage abinci, da tsawaita addu'o'in tuba. A cikin waɗannan makonni ake karanta "Tsani" a gidajen ruhubanawa, an kuma keɓe Lahadi ta huɗu ta azumin domin tunawa da marubucinsa. Akwai wata gajeriyar addu'a da ake jingina wa Afram Basuryane, wadda suke maimaitawa da sujada a ranakun azumin, kuma cikin munanan halaye huɗu da ake neman tsari daga gare su a cikinta har da zancen banza. Wannan ya nuna cewa a wurinsu kame harshe sashe ne na tuba, ba ado ba ne da ake ƙara wa azumi.

3.0 Inda Littafin Ya Yi Ƙarfi

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne wurin da marubucin ya ajiye shiru a jikin tsaninsa. Bai sa shi a farko ba. Mataki na takwas a kan fushi yake, na tara a kan riƙo, na goma a kan yi da mutane, sai na goma sha ɗaya a kan surutu da shiru, na goma sha biyu kuma a kan ƙarya. Wannan jeri hujja ce a karan kansa. Fushin da ba a magance ba yakan kwanta ya zama riƙo, riƙo ya nemi mafita ta hanyar giba, giba kuwa ba ta da ƙofa sai yawan magana, mai yawan magana kuma ba ya rasa ƙarya. Ke nan wanda ya rufe bakinsa alhali zuciyarsa na tafasa da ƙullin wani bai yi shiru ba, ya dai mayar da hirar ciki ne. Bahaushe ya san bambancin mai kawaici da mai ƙunci, duk da cewa dukansu bakinsu a rufe yake. Har ila yau marubucin ya lura cewa giba takan sa rigar tausayi, mutum ya riƙa tona asirin ɗan'uwansa yana cewa damuwa da halinsa ce ta sa shi magana. Duk wanda ya zauna a majalisar masu addini ya san wannan riga.

Abu na biyu shi ne yadda ya haɗa ciki da harshe. Cikin dalilan surutu da ya kawo akwai mugun sabo, da son a gani, da kuma ƙoshi. A ganinsa wanda ya iya takura cikinsa ya raunana harshensa ke nan. Daga nan ake gane abin da ya sa aka zaɓi littafin domin lokacin azumi.

Abu na uku yana mataki na ashirin da bakwai, inda ya yi bayanin abin da Girkawa ke kira "hesukiya", wato natsuwa. Ya bambanta natsuwar jiki da ta rai, ya kuma siffanta ƙofofi uku da mai ibada zai rufe: ta ɗaki, ta harshe, da ta zuci. Misalin da ya bayar na kyanwa mai dakon ɓera ya nuna cewa natsuwar da yake nufi ba gyangyaɗi ba ce, tsaro ne. Hankali a farke yake yana lura da kowane tunani tun daga bakin raminsa. Ya kuma yi gargaɗi mai tsanani cewa mai fushi da mai ji da kai kada su kusanci kaɗaici, domin ba abin da zai ƙara musu sai ruɗu. A mataki na ashirin da takwas ya yi kira ga taƙaita kalmomin addu'a, yana mai cewa yawansu yakan warwatsa hankali, ya kuma hana ƙirƙiro surori a zuci lokacin addu'a.

Mai karatu Musulmi zai ji kamar ya san wannan ƙasa. Ibnu Abid Dunya (ya rasu 281 Hijiriyya) ya tara littafi guda a kan shiru da ladubban harshe. Al-Ƙushairi (ya rasu 465 Hijiriyya) ya kasa shiru gida biyu a cikin Risalarsa, na zahiri da na zuci. Al-Gazali (ya rasu 505 Hijiriyya) ya lissafa cututtukan harshe ashirin a cikin Ihya, ya kuma sa azumin zuciya daga ƙananan buri a matsayin ƙololuwar darajojin azumi uku. Sai dai kamanni ba hujjar aro ba ne. Malamanmu ba su buƙaci Sina'i ba, tun da Manzon Allah (SAW) ya riƙe harshensa ya umarci Mu'azu da kame shi, ya rataya faɗin alheri ko yin shiru a kan imani da Allah da Ranar Lahira, ya kuma bayyana cewa Allah ba ya bukatar yunwar mai azumin da bai bar ƙarya ba. Zuciyar ɗan Adam iri ɗaya ce, duk wanda ya daɗe yana lura da ita zai ga cututtuka iri ɗaya. Bambancin likitoci a wurin magani yake fitowa.

4.0 Inda Aka Rabu

4.1 Wa Ake Ambato?

Shirun da Yuhanna ke koyarwa ba fanko ba ne, kuma wannan daidai ne. Amma abin da ya cika shi da shi, shi ne ambaton Isa, wanda ya ce a haɗa shi da numfashi har su zama abu ɗaya. Daga irin wannan koyarwa ne "Addu'ar Yesu" ta bunƙasa, wadda a cikinta ake kiran Isa da sunan Ubangiji kuma ɗan Allah, ana neman jinƙansa. Adalci ya wajabta a faɗi cewa dabarun sunkuyar da kai da sarrafa numfashi da aka san ruhubanawan Dutsen Atos da su sun bayyana ne ƙarnoni bayansa. Su ne Barla'am na Kalabriya ya soka, Girigori Falamas ya kare, har majalisun Ƙusɗanɗiniyya na 1341 da 1351 suka goyi bayan Falamas. Bai kamata a ɗora wa marubucin ƙarni na bakwai duk abin da aka yi a ƙarni na goma sha huɗu ba. Duk da haka tushen yana cikin littafinsa.

Wasu masu kwatanta addinai sun ruɗu da kamannin wannan addu'a da zikiri: gajeriyar jumla, maimaitawa, carbi, halartar zuciya. Amma ba a auna ibada da siffarta kawai. Tulu biyu suna iya fitowa daga hannun maginiya ɗaya, abin da aka zuba a ciki ya bambanta. Idan zuciya ta tattara dukan ƙarfinta, ta kore kowane tunani, sannan ta fuskanci bawa daga bayin Allah da roƙon da Allah kaɗai ya cancanta, to ƙaruwar natsuwarta ƙaruwar nisanta ce. Ƙarshen Suratul Ma'ida ya hakaito yadda Isa (AS) da kansa zai barranta daga wannan a Ranar Ƙiyama. Wannan saɓani ba na reshe ba ne da za a iya daidaitawa da kyakkyawar fassara. Kiristan da ya san addininsa ma ba zai yarda a ce masa Isa da yake kira annabi ne kawai ba, kuma girmama shi a muhawara ya ƙunshi kada a shafe abin da ya yi imani da shi don a samu zaman lafiya na baki.

4.2 Tsanin da Ba Kowa Ke Hawa Ba

A matakin farko marubucin ya ba da labarin wasu masu iyali da suka tambaye shi yadda za su yi alhali suna da mata da hidimomi. Ya ba su nasihohi masu kyau: su bar zagi da sata da ƙarya da ƙiyayya, su lizimci majami'a, su tausaya wa mabuƙata, su tsaya ga matansu. Sakamakon da ya yi musu alkawari shi ne ba za su yi nisa da Mulkin Sama ba. Sauran littafin kuwa na waɗanda suka bar gida ne. A nan akwai matsala ko a cikin Kiristanci, domin a yau masu aure da 'yan kasuwa ma suna karanta shi a lokacin azumi, alhali tsarin littafin ya tsayar da su a gindin tsani suna kallon sama.

Mataki na biyar ya ƙara fito da matsalar. A can ya siffanta wani wuri kusa da Iskandariyya da ake kira "Kurkuku", inda ya ce ya kwana talatin tare da ruhubanawa masu tuba. Ya ga masu tsayuwa dare farai, masu azabtar da kansu a rana da sanyi, masu hana kansu ruwa, har da masu roƙon kada a binne gawarsu. Ya kawo wannan da sha'awa, ba da suka ba. Hadisin Abu Isra'ila da Bukhari ya ruwaito kamar amsa ce kai tsaye. Mutum ne ya yi bakance zai tsaya a rana, ba zai zauna ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Manzon Allah (SAW) ya umarta ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, ya cika azuminsa. Cikin abubuwa huɗu ɗaya kawai aka tabbatar, wanda shari'a ta san shi a matsayin ibada. Haka nan Sayyidina Abubakar (RA) ya umarci wata mata daga ƙabilar Ahmas da ta yi niyyar aikin hajji ba magana da ta yi magana, ya ce wannan aikin Jahiliyya ne.

Ana iya kawo shirun Zakariyya (AS) na kwana uku da bakancen Maryam (AS) a matsayin hujja. Amsa ita ce, na Zakariyya alama ce da aka ba shi, kuma a Suratu Ali Imrana, aya ta 41, an haɗa ta da umarnin yawaita zikiri. Na Maryam kuwa halal ne a shari'arsu, tamu ta zo da saɓaninsa. A Musulunci shiru hanya ce, ba a neman kusanci da shi don kansa. Yakan wajaba lokacin huɗuba, yakan haramta lokacin da ake buƙatar shaida ko hana mummuna. Darajar ihsani kuma, kamar yadda hadisin Jibrilu ya bayyana ta, ba a sharɗanta mata kogo ba. Mahauci a kasuwa da uwa a tsakar gida suna iya kaiwa gare ta.

4.3 Da Me Ake Gane Gaskiya?

Yuhanna ya san haɗarin ruɗuwa, shi ya sa ya keɓe dogon mataki na ashirin da shida ga basirar rarrabewa, ya kuma dage a kan biyayya ga dattijon da ke jagorantar rahibi. Tambayar da ta rage ita ce, da me ake auna dattijon? A cikin littafin amsar takan koma ga gogewa da alamomin hali kamar hawaye da tawali'u. Waɗannan kuwa abubuwa ne da ma'abota addinai masu karo da juna duk suke samu. Idan hawaye hujja ne, to sun tabbatar da abu da kishiyarsa. Wannan tarko ba Kirista kaɗai yake kamawa ba, kuma saboda shi ne manyan malaman tarbiyya irin su Junaidu suka ɗaure hanyarsu da Littafi da Sunna. Ɗanɗano shaida ne da ake sauraro, amma ba shi ne alƙali ba.

Wani hadisi da ke cikin Bukhari da Muslim ya haskaka wannan. Abu Huraira (RA) ya lura Annabi (SAW) yana ɗan yin shiru tsakanin kabbarar harama da karatu, sai ya tambaye shi abin da yake faɗa a wannan shirun. Siffar tambayar ma darasi ce, domin Sahabin bai ɗauka cewa shirun fanko ba ne. Amsar kuwa addu'a ce ta neman tsarkaka daga zunubai, da lafuzzan da aka kiyaye har suka iso gare mu. Haka kuma ayoyi biyu na 204 da 205 a Suratul A'araf sun jera sauraron Alƙur'ani cikin shiru da ambaton Ubangiji a cikin rai da ƙanƙan da kai. Ke nan shirun Musulmi yana da abin saurare da abin faɗa, kuma dukansu wahayi ne ya kawo su.

5.0 Abin da Ya Koma Kanmu

Tarke ba ya cika idan mai yin sa bai juyo da madubin ba. Samun hujja a kan rahibi abu ne mai sauƙi. Abin da ke da wuya shi ne amsa tambayar da littafinsa ke jefo mana. Shi da ƙa'idar da ya ƙaga wa kansa ya yi shekara arba'in yana gadin harshensa. Mu da aka ba mu hanya madaidaiciya, yaya goman ƙarshe na Ramadan take a masallatanmu? Ɗalibinmu tun yana ƙarami ya karanta wajabcin kiyaye harshe a farkon Ahalari, ya sake samun sa a babin azumi na Risala. Muhtasar na Halil ya tafi har ga karhanta wa mai i'itikafi shagala da ilimi da rubutu mai yawa, domin lokacinsa ya tafi ga salla da zikiri da tilawa. Idan an karhanta masa wannan, ina ga hira da waya a hannu da muhawarar ƙungiyanci har sahur? Abin da muke gani a littafin Yuhanna muna sha'awa, muna da shi a gida cikin siffa mafi tsabta, mun dai bari ne ƙura ta rufe shi.

6.0 Kammalawa

"Tsani" littafi ne na mutum mai kaifin lura da gaskiyar nema, kuma ya cancanci ɗaliban kwatanta addinai su karanta shi da idon basira, bayan sun ƙoshi da aƙidarsu. Bayaninsa a kan alaƙar fushi da riƙo da giba da surutu daidai ne, haka ma gargaɗinsa cewa kaɗaici ba ya gyara mai girman kai. Amma ya fuskantar da natsuwar zuciya ga wanda ba a halicce ta dominsa ba, ya mai da ƙololuwar addini rabon waɗanda suka bar iyali, ya kuma bar hali ya yi wa kansa hukunci. Musulmi zai yarda da shi a kan cewa magana zarar bunu ce, ya rabu da shi a kan abin da ake yi da shirun bayan an same shi. Allah Ya tsare harsunanmu, Ya raya zukatanmu da ambatonSa, Ya shiryar da mu da duk mai neman gaskiya zuwa tafarki madaidaici.